Rufin Ford a kan Volkswagen: yadda muka samo wa Sharon ɗin Yaya saman da ya dace

Iskar da ta zo gaban ruwa ce ta yi ɓarnar. Yayana ya dawo daga Katsina bayan la'asar, ya sauke fasinja a tasha, ya faka motar ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gidanmu kamar yadda ya saba, ya shiga ciki. Dab da magariba hadari ya haɗo daga gabas, iska ta ɓallo wani reshe mai kaurin cinyar babban mutum, ya faɗo a kan motar a gicciye. Da muka fito da fitila, mun tarar rufin ya lotsa kamar an taka faranti, gilashin gaba ya tsage daga sama har ƙasa, ruwa kuma ya taru a cikin lotsawar. Babu kowa a ciki, wannan shi ne abin da muka fara yi wa Allah godiya a kai.

Motar Volkswagen Sharan ce, wadda duk tasha ake kira Sharon. Da ita Yaya yake ciyar da gidansa, da ita yake biyan kuɗin makarantar yara huɗu, daga ita kuma ake sayen maganin mahaifiyarmu. Duk ranar da ta kwana ba ta fita ba, akwai abin da ya ragu a tukunya. Na faɗi wannan tun farko don a fahimci dalilin da ya sa muka yi ta saɓani da shi a kwanakin da suka biyo baya. Shi sauri yake so, kuma yana da gaskiyarsa.

Washegari muka kai ta wurin wani dattijon fanalbita da ya daɗe yana bugun jikin mota, wanda kowa a garejin yake ce wa Baba. Bai fara da kallon rufin ba. Ƙofofi ya bi yana buɗewa yana rufewa, yana zura ɗan yatsa a tsakanin ƙofa da bodi, sama da ƙasa, hagu da dama. Ya ɗaga ƙofar but ya sake ta. Sannan ya sa yaronsa ya sauke silin na ciki, ya ɗauko tef ya auna ramin gilashin gaba daga kusurwar hagu ta sama zuwa ta dama ta ƙasa, ya sake aunawa ta ɗaya ɓangaren. Awon biyu ya zo ɗaya. A nan ne ya ɗago ya ce wa Yaya, "Ka yi sa'a, ɗana. Ginshiƙanka ba su motsa ba. Kwano ne ya tafi, da azara ɗaya."

Da kalmomin gini ya yi mana bayani, kuma ban taɓa jin wanda ya fi nasa sauƙin ganewa ba. Abin da muke gani daga waje mu kira rufi, falle ɗaya ne na ƙarfe marar kauri, bai kai kaurin milimita ɗaya ba. A ƙarƙashinsa akwai ƙarafuna da suka gitta daga gefe zuwa gefe, su ne azarar. Su kuma sun hau kan dogon ƙarfe na kowane gefe, wanda ginshiƙai ke ɗauke da shi: biyu a gefen gilashin gaba, biyu tsakanin ƙofofi, biyu bayan ƙofar baya, biyu a can ƙarshe wajen but. Ginshiƙin nan ba bututu ɗaya ba ne, ƙarfe ne a cikin ƙarfe, an ninka an ɗinke tun a kamfani. Ran da mota ta yi adungure, su ne ke hana sama haɗuwa da kan mutane. Kwanon kuwa an manna shi ne a kan wannan ƙashi da walda ɗigo-ɗigo, a jere a bakin gilashin gaba, da kwararon gefe biyu, da bakin but.

Yaya ya tambaya ko ba za a buge shi ya miƙe ba. Baba ya nuna masa inda ƙarfen ya karye ya yi kaifi a wuri biyu. Ƙarfen da ya miƙe ya wuce iyakarsa ba ya komawa, sai dai a cike shi da foti, foti mai kauri a saman mota kuwa rana da girgizar hanya za su fasa shi kafin a ga wata damina. Ya kuma nuna mana wani abu da ba reshe ne ya yi shi ba: tsofaffin lotsawa a jere ta baya, inda igiyar kaya take zama. Littafin motar ya ƙayyade kilo 75 a matsayin iyakar abin da za a ɗora a sama, wato bai kai buhun masara guda ba. Yaya bai ce komai ba. Ya san abin da rufin nan ya ɗauka a ranakun kasuwa.

Shawara ta tsaya a kan a nemo rufi na hannu. Sabo daga kamfani ba maganar da za a fara ba ce, domin an daina ƙera wannan samfurin tun 2010, kuma ko an samu, kuɗin kawo falle mai wannan girma ba tare da ya lanƙwashe ba ya fi ƙarfinmu. Ni aka ɗora wa neman, saboda ni ne mai ɗan lokaci da rana, kuma ni ne mai jure karatun lambobi.

Abu na farko da na yi shi ne kwafe lambar shasi. Haruffa da lambobi 17 ne, kuma ba a banza aka jera su ba. Ta Yaya ta fara da WVW, alamar motar Volkswagen. Gurbi na bakwai da na takwas 7M ne, sunan da kamfanin ya ba wannan jikin. Gurbi na goma shekarar samfuri ne: W na nufin 1998, X 1999, Y 2000, daga nan aka koma lamba. Tamu 1 ce, wato 2001, duk da cewa wanda ya sayar wa Yaya ya ce masa ta fi haka sabunta. Wannan ya yi amfani, domin a shekarar 2000 aka yi wa motar babban gyaran fuska, aka sauya fitilu da gaba da allon direba, har lambobin kayan gyaranta da yawa suka tashi daga 7M0 suka koma 7M3. Tamu tana cikin na bayan gyaran.

Gurbi na goma sha ɗaya V ne, kuma shi ya buɗe mini ƙofar da ban san da ita ba. Ba a Jamus aka ƙera motar ba. A Palmela aka yi ta, kusa da Lisbon a ƙasar Fotugal, a masana'antar AutoEuropa da Volkswagen da Ford suka haɗa hannu suka gina. Daga 1995 masana'antar tana fitar da jiki ɗaya da suna biyu, Volkswagen Sharan da Ford Galaxy, a 1996 kuma aka ƙara na uku, SEAT Alhambra na kamfanin Sifen. 'Yan uku ne, uwa ɗaya. Abin da ya sa makanikai da yawa ba su yarda da haka ba shi ne inji: wasu Galaxy ɗin suna ɗauke da injin fetur na Ford mai lita 2.0 ko 2.3, wanda kayansa ba sa shiga na Volkswagen, sai mutum ya ɗauka komai ma haka yake. Amma na dizal mai lita 1.9 da babban mai silinda shida duk na Volkswagen ne a cikin ukun, ƙashin jikin kuma daga layi ɗaya ya fito. Da na kai wa Baba wannan labari bai yi mamaki ba. Ya ce ya sha ɗaura ƙofar wannan a jikin wancan. Sai dai ya gargaɗe ni da cewa takarda ba ta ɗaura rufi. Ya yanko kwali biyu, ya bi lanƙwasar bakin gilashin gaba da ɗaya, ya bi ta bakin but da ɗayan, ya rubuta mini awo biyar a bayan kwalin: tsawo ta tsakiya, faɗi a gaba, faɗi a baya, tazarar ramukan sandunan kariya (waɗanda ake ɗaure kaya a kansu a saman mota), da tazarar maƙalan ƙofar but. Ya ciro mayen ƙarfe daga tsohuwar sifika ya naɗe shi a tsumma ya ba ni. Sharaɗinsa na ƙarshe shi ne wanda na fi shan wahala a kai: kada in karɓi rufin da aka yanka a sama. A yanko shi da ginshiƙansa, aƙalla taƙi guda ƙasa da kwararo.

A Ƙofar Ruwa na fara, don duk mai neman kayan mota a Kano can yake fara sa ƙafa. Inji da giya da fitila da ƙofofi ga su nan har ba a iya ƙirgawa. Rufi kuwa ƙalilan ne, kuma akwai dalili. Masu shigo da kayan Beljiyam a kwantena suna lissafin kowane taku na wuri. Gaban mota da injinsa yana biyan kuɗin wurin da ya ci, rufi kuwa faɗi ne da shi ba nauyi, ga saurin lalacewa, ga ƙarancin masu nema. Da yawa a can Turai ake barinsa a niƙe shi. Wanda ya iso nan sau da yawa an yi murfi ne da shi a kan sauran kaya, ya sha danna tun daga Antwerp har Legas ko Kwatano.

Na farko da na samu na Sharan ne, na bayan gyaran fuska, lafiyayye, kwalayena biyu suka zauna a kansa daram. Matsalarsa ɗaya, mai tagar sama ne. Mai shagon, mutumin kirki, ya ce mutane suna saye su toshe ramin da falle, ya kuma yi mini ragi mai kyau. Na kira Baba na karanta masa yadda abin yake, ya ce a'a tun ban gama ba. Rufi mai taga ba rufi marar taga ba ne da aka huda. Azararsa a wani wurin take, yana da firam na musamman a ciki, yana da bututun da ke sauke ruwa ta cikin ginshiƙai, silin ɗin Yaya kuma ba zai zauna a kansa ba. Idan an bar tagar, ƙurar hunturu za ta toshe bututun, ruwan farko ya sauka a kan fasinja. Idan an toshe ta da walda, zafin zai murɗe fallen ya yi tudu da kwari, a koma ga fotin da ake gudu. Da daddare Yaya ya yi fushi da ni sosai. Ya ce kwana huɗu ke nan, ni ina yawo da kwali, shi layinsa a tasha yana wucewa. Na ba shi haƙuri, ban kuma iya ce masa ga ranar da za a gama ba.

Na biyu a wani filin tsofaffin motoci na gan shi, a bayan gari. Daga nesa ya fi na farko kyau, fentinsa yana sheƙi, ba taga, ga sandunan kariya. Da na bi shi da mayen ƙarfe, a gefe yana kamawa, a tsakiya sai ya zame ya faɗo, wuri mai faɗin tabarmar sallah. Foti ne aka shafe aka fesa wa fenti. Na kifa shi na ga bayan fallen duk tabon guduma. Ko da ba haka ba ma, an yanke shi da wutar gas dab da kwararo, an ƙone leɓen da ya kamata a ɗinke a jikin motarmu. Mai shi ya rantse mini cewa haka ya saye shi, mai yiwuwa kuma gaskiya ya faɗa. Na yi masa sallama na tafi.

Na uku shi ya fi ba ni takaici, kuma bakina ne ya jawo shi. Na yi ta gaya wa mutane cewa na Galaxy ma yana yi. Wani ɗan kamasho ya kira ni cewa ya samo a Kaduna, wajen Panteka, in turo kuɗin mota a ɗoro. Na ce ya turo hoto ta WhatsApp tukuna, har da lambar da ke jikin ginshiƙi idan tana nan. Da hoton ya zo na ga saman ya zube ta baya, tagogin gefe ma ba irin namu ba ne. Galaxy ce ba shakka, amma ta bayan 2006. A wannan shekarar Ford ya raba gari da masana'antar Palmela, ya fito da sabuwar Galaxy tasa shi kaɗai, wadda a lokacin ake ƙerawa a Genk ta ƙasar Beljiyam. Suna ne kawai ya rage iri ɗaya. Kama da wane ba ta wane, in ji masu magana, wannan kuwa ko kamar ma ba ta cika ba. Haka abin yake ga Sharan da Alhambra na bayan 2010, jikinsu sabo ne gaba ɗaya, masu ƙofar baya ta turawa. Da na tura kuɗin nan, da mun yi asarar dako zuwa da dawowa, ga rigimar mayar da kaya.

Ɗan kamashon bai yi zuciya ba. Bayan kwana biyu ya sake kira, ya ce akwai rabin wata tsohuwar Galaxy a wani shago, an shigo da ita a yanke daga Ingila. Irin waɗannan masu sitiyari a hannun dama ne, ba sa hawa titinmu tunda Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama a 1972, shi ya sa a matsayin kayan gyara suke shigowa. Wannan bai dame mu ba, rufi ba shi da hagu da dama na direba. Na ce ba zan saya a waya ba, na hau mota na tafi Kaduna da kwalayena. Jikin yana nan da samansa ba a taɓa ba. Ba taga, akwai sandunan kariya, fitilun baya kuma na bayan gyaran 2000 ne. Kwalin gaba ya zauna, na baya ya zauna, awo biyar duk suka zo daidai da abin da Baba ya rubuta. Mayen ƙarfe ya kama ko'ina. Na cire robar kwararo na duba tsatsa, domin motar ƙasar sanyi da ake zuba gishiri a titi ba a yarda da ita sai an leƙa lungunanta. Akwai ɗan ja-ja a kusurwar baya ta hagu, na kankare da makulli na ga farin ƙarfe a ƙasa. Bambanci guda da na gani shi ne ramin eriya a baya, wanda namu ba shi da shi.

Na tsaya a kansu har aka yanka. Na roƙi mai yankan ya yi da giranda, ba da wuta ba, ya kuma sauka taƙi guda a kowane ginshiƙi. Ya ce mini, "Malam, ƙarfen da za ka zubar kake biyan kuɗin dakonsa." Gaskiya ne, amma wannan ƙarfen shi ya riƙe fallen bai lanƙwashe ba a hanya. Muka shimfiɗa tsofaffin tayoyi a bayan akori-kura, muka kwantar da shi, muka ɗaure ta ginshiƙan ba ta saman ba. Kuɗinsa ya ɗara na mai tagar nan, dako kuma ya ƙaru a kai.

A garejin ne muka yi saɓani mafi tsanani. Wani abokin Yaya, direba shi ma, ya zo ya ga rufi da ginshiƙai takwas a tsaye, ya ce ai aiki ya zo da sauƙi: a yanke na motar a daidai wannan tsawo, a ɗora wannan, a bi da walda, kwana biyu an gama. Haka aka yi wa tasa, ga ta nan tana aiki. Yaya ya karkata ga wannan magana, kuma na gane dalilinsa, don a lokacin har ya fara cin bashi. Baba ya ɗauko giranda ya yanko guntun ginshiƙin tsakiya na wanda muka kawo, ya miƙa wa Yaya. A ciki ana ganin ƙarfe ninki-ninki. Ya ce mai walda daga waje na wajen kaɗai zai kama, na cikin zai zauna a yanke har abada, wutar kabaid kuma za ta kashe ƙarfin wanda ta taɓa. Motar za ta yi kyau, za ta yi tafiya, ba wanda zai gane, sai ran da taya ta fashe a guje. "Mutum nawa kake ɗauka?" ya tambaye shi. Yaya ya juya guntun ƙarfen a hannunsa ya daɗe, sannan ya ce a yi yadda Baba ya ce. Ni ina ganin a wannan wurin ne aka yi ainihin gyaran motar. Ginshiƙan da reshe ya bari lafiya, da mun yanke su da hannunmu don mu rage kwana biyar.

Aikin ya ci kwana bakwai. Aka cire batir, aka fitar da kujeru, aka yanke gam ɗin gilashin gaba da waya aka sauke shi, aka cire ƙofar but da gilasan gefe na baya. Yaron Baba ya zauna da injin huji yana bin ɗigon walda ɗaya bayan ɗaya, yana cinye fallen sama kawai ba ya huda na ƙasa. Sau biyu aka yi wannan, a jikin motar da kuma a jikin wanda muka kawo, kuma shi ya cinye rabin kwanakin. Azarar da ta lanƙwashe aka musanya ta da ta Galaxy, ta zauna a gurbinta ba tare da an daki komai ba. Aka goge leɓunan, aka shafa musu maganin tsatsa, aka sa gam a kan azara don kada rufin ya riƙa kaɗawa. Mutum huɗu suka ɗaga fallen suka saukar. Kafin a kunna wuta sai da aka matse shi da maƙalai, aka gwada sabon gilashi a raminsa, aka mayar da ƙofar but aka ga ta rufe daidai. Baba ba shi da injin walda mai waya, sai da ya aro na maƙwabcinsa. Ya cike ramukan yana tsallake, ɗigo a gaba, ɗigo a baya, ɗigo a gefe, don kada zafi ya taru wuri ɗaya. Ramin eriya bai yi masa walda ba, ya toshe shi da marfin roba da gam. Mai fenti ya haɗa launi da murfin tankin mai a hannunsa, domin fentin motar ya daɗe da koɗewa daga yadda ya fito a kamfani.

Kafin a mayar da silin, Baba ya sa aka yi ta kwara ruwa da bokiti, ni da Yaya muna ciki da fitilar waya. Ɗigo ya fito a wuri ɗaya, ƙarƙashin kusar sandar kariya ta baya a hannun dama, inda robar ta tsufa. Aka kwance, aka sa sabuwa da gam, aka sake kwarawa, bai ƙara fitowa ba. Tsohon rufin da ragowar ginshiƙan 'yan gwangwan suka auna suka saya, kuɗin ya biya wani ɓangare na gilashi.

Motar ta yi kwana goma sha takwas a ajiye. Yaya ya koma layin Katsina, yana biyan bashin da ya ci kaɗan-kaɗan, har yanzu da saura. Ya sa an sassare rassan darbejiyar da suka leƙo kan hanya, ya kuma koma faka motar a gefen katanga. Maganar kaya a sama ce ba mu gama ba. Buhu ya daina hawa, wannan na gani da idona, amma ranar da na je tasha makon jiya na tarar an ɗaure katifa biyu da jakunkuna uku a kan sabon rufin, ya ce mini ya ɗaga su da hannunsa, ba su kai 75 ba.